Stefan's Diaries: Fim ya haifi littattafai 6, an kori uwar labarin

Idan ana lissafin finafinan Turawa masu dogon zango da suka hana samari da 'yan mata barci, to da wuya a tsallake The Vampire Diaries. Tashar The CW ta Amurka ce ta fara nuna shi a watan Satumba na 2009, bai ƙare ba sai a watan Maris na 2017, bayan ya yi zango 8 da kashi 171. Labarin wata budurwa ce 'yar makaranta mai suna Elena Gilbert wadda ta faɗa tsakanin wasu 'yan'uwa biyu, wa da ƙane, Damon da Stefan Salvatore, waɗanda dukkansu mashayan jini ne, wato abin da Turawa ke kira bamfaya. Nina Dobrev ce ta fito a Elena, Paul Wesley ya fito a Stefan, shi kuma Ian Somerhalder ya fito a Damon, mugun da 'yan mata suka fi mutuwa a kansa.

Kada mai karatu ya haɗa bamfaya da maye, domin ba ɗaya ba ne. Shi maye kurwa ake cewa yana kamawa, kuma rayayye ne kamar kowa. Shi ko bamfaya a tatsuniyar Turawa mutum ne da ya mutu ya tashi, ba ya tsufa, ba shi da abinci sai jini. Ƙage ne tsantsa, amma ƙagen da ya tara wa kamfanoni dukiya.

Abin da da yawa daga masu kallo ba su sani ba shi ne, wannan fim daga littafi ya fito, kuma bayan ya yi kasuwa sai shi ma ya koma ya haifi wasu littattafan na daban. A tsakanin waɗannan biyu ne aka yi wata rigima da ta fi ta Stefan da Damon zafi.

Asalin labarin na wata marubuciya ce Ba'amurkiya, Lisa Jane Smith, wadda aka fi sani da L.J. Smith, tsohuwar malamar makaranta. A shekarar 1991 ta fitar da littattafai uku, The Awakening da The Struggle da The Fury, sannan a 1992 ta ƙara da Dark Reunion. Daga nan shiru kake ji. Sai da Twilight ya fito a littafi a 2005, aka yi fim ɗinsa a 2008, kasuwar soyayyar mashayan jini ta buɗe, sannan aka tuna da tsohon labarin Smith, aka kakkaɓe masa ƙura. Kevin Williamson da Julie Plec ne suka mayar da shi fim ɗin talabijin.

To amma fa sun yi masa ɗinki sosai. A littafin Smith sunan garin Fell's Church, a fim kuwa Mystic Falls. Elena ta littafi farin gashi gare ta, kuma 'yar ji-da-kai ce, sarauniyar makaranta. Ta fim baƙin gashi gare ta, ga sanyin hali. A littafi tana da ƙanwa ƙarama mai suna Margaret, a fim aka ba ta ƙane saurayi, Jeremy. Babban canjin shi ne na asalin 'yan'uwan. A wurin Smith, Stefan da Damon 'yan ƙasar Italiya ne da aka haifa ɗaruruwan shekaru da suka wuce, kuma su da kansu suka kashe juna da takobi a kan Katherine, wata Bajamusa. A fim kuwa 'yan jihar Bajiniya ne ta Amurka, sun zama mashayan jini a 1864 lokacin yaƙin basasar ƙasar, mahaifinsu Giuseppe ne ya harbe su, ita kuma Katherine aka mayar da ita 'yar Bulgeriya.

Ka ga ke nan wanda ya kalli fim ya je ya sayi littafin Smith zai rikice, domin ba Stefan ɗin da ya sani ba ne zai tarar. Wannan giɓi ne 'yan kasuwa suka hango. A ƙarshen 2010 kamfanin HarperTeen ya fara fitar da wani sabon jeri mai suna Stefan's Diaries, wanda ya bi tarihin fim ɗin, ya bar na Smith. Cikin ƙasa da shekara 2 an fitar da guda 6: Origins, Bloodlust, The Craving, The Ripper, The Asylum da The Compelled.

Dukkansu da bakin Stefan aka rubuta su, kamar yana ba da labarin rayuwarsa ta baya, kuma Elena ba ta da wani gurbi a ciki tunda a lokacin ko kakanninta ba a haifa ba. Origins ya fara ne a 1864, inda mahaifin Stefan ya matsa masa ya auri wata Rosalyn Cartwright, auren haɗi, yarinyar da masu kallon fim ba su taɓa jin sunanta ba. Ana cikin shiri aka tsinci gawarta, ga kuma baƙuwa Katherine ta sauka a gidansu, daga nan komai ya dagule. A Bloodlust 'yan'uwan sun gudu zuwa New Orleans, inda Damon ya faɗa hannun wani mai gidan wasa da ya sa shi a keji yana karɓar kuɗin 'yan kallo. The Craving ya kai su New York cikin gidan wasu attajirai. Sauran ukun kuwa a Landan aka yi su, tun daga 1888, shekarar da wani makashi na gaske da ake kira Jack the Ripper ya addabi unguwar Whitechapel, wanda har yau ba a tabbatar da ko wane ne ba. Littafin sai ya laƙaba wa bamfaya kisan. Dabara ce mai kyau, ko ba komai ta sa yaro ya ji sunan wani abu na tarihi.

Gaskiyar magana, na farkon ne ya fi armashi. Abin da fim ya nuna a 'yan mintoci na waiwaye, shi littafin ya shimfiɗa shi, har mai karatu ya gane dalilin da Damon ya tsani ƙanensa: Stefan ne ya tilasta masa ya sha jini ya ƙarasa zama bamfaya, alhali shi ya zaɓi ya mutu. Daga na uku zuwa sama kuwa sai ka ji kamar ana jan labari ne don kada kasuwa ta mutu. Wani abin haushin kuma, masu rubuta fim ba su ɗauki littattafan a bakin komai ba. Misali, a Bloodlust an ce a New Orleans Stefan ya fara haɗuwa da aminiyarsa Lexi, amma a zango na 2 na fim ɗin sai aka nuna sun haɗu ne a wani sansanin yaƙi. To wa za a gaskata? Masoya dai sun tsaya a kan cewa abin da aka gani a allo shi ne magana.

Yanzu ga tambayar: wa ya rubuta su? A bangon kowanne za ka ga sunan L.J. Smith, da na Williamson da Plec, amma idan ka lura, cewa aka yi an gina labarin a kan littattafanta da kuma fim ɗinsu. Babu inda aka ce su suka rubuta. Marubutan haya ne suka yi aikin, aka biya su, aka ɓoye sunansu.

Wannan ba sabon abu ba ne a Amurka. Tsohon fim ɗin Dark Shadows na 1966 zuwa 1971, mai bamfaya Barnabas Collins, ya haifi littattafai 32 da ke ɗauke da sunan Marilyn Ross, alhali wani namiji ne ɗan Kanada, Dan Ross, ya rubuta su. Shi ma Buffy the Vampire Slayer na 1997 zuwa 2003 ya haifi littattafai barkatai, sai dai su marubutansa irin su Christopher Golden da Nancy Holder sunansu na kan bango.

Abin da ya bambanta na The Vampire Diaries shi ne abin da ya sami ita Smith. Tun farko ba da kanta ta kai labarin kasuwa ba. Wani kamfanin haɗa littattafai ne, wanda daga baya ya zama Alloy Entertainment, ya neme ta ta rubuta masa labarin bamfaya na matasa, ta sa hannu a yarjejeniyar aikin haya. Ma'anar irin wannan yarjejeniya ita ce, kai ka rubuta, amma labarin da taurarinsa da sunayensu duk mallakar kamfani ne. Kamar tela ne da aka ba yadi ya ɗinka riga; komai kyan ɗinkin, rigar ba tasa ba ce.

Daga baya Smith ta dawo da sabbin littattafai uku, Nightfall a 2009, Shadow Souls a 2010 da Midnight a 2011. Ta riga ta fara na gaba sai kamfanin ya sallame ta a farkon 2011. Abin da ya bazu tsakanin masoya shi ne sun saɓa ne a kan alƙiblar labarin, musamman yadda take karkata Elena wajen Damon. Ko ma dai mene ne, kamfanin bai karya doka ba, takarda na hannunsa. Aka ɗauko marubucin haya ya ci gaba da jerin The Hunters, daga baya wata Aubrey Clark ta rubuta jerin The Salvation, sunan Smith na nan ɓaro-ɓaro a bango a matsayin wadda ta ƙirƙira. Abin dariyar ma, fim ɗin da kansa a ƙarshe Damon ya bai wa Elena.

Marubutanmu na Hausa sun san hanyar littafi zuwa fim, tun daga In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino zuwa Alhaki Kwikwiyo na Balaraba Ramat Yakubu. Bambancin shi ne su littafinsu nasu ne kafin a zo maganar fim. Amma matashin da furodusa ya kira ya ce rubuto mini labari ga kuɗinka, a matsayin Smith yake, ko ya sani ko bai sani ba, kuma sau tari ko takardar ma ba a rubutawa.

Ita dai Smith ba ta haƙura ba. A 2013 kamfanin Amazon ya buɗe wani dandali mai suna Kindle Worlds, inda aka ba masoya izinin rubuta nasu labaran da taurarin wasu finafinai su sayar, a raba kuɗi da masu haƙƙin mallaka. The Vampire Diaries na cikin na farko da aka sa. Sai kawai Smith ta shiga layi kamar kowane masoyi, a 2014 ta fara sakin cigaban labarinta da sunan Evensong. Ka ji fa! Matar da ta haifi Elena da Stefan da Damon ce ke aron su daga kamfani, a ƙarƙashin dokokin da aka gindaya wa 'yan koyo. Masoyanta da dama sun ce wannan ne cigaba na gaskiya, suka juya wa na marubutan haya baya.

Kasuwar kuwa ba ta tsaya ba. Da fim ɗin The Originals ya ɓalle daga The Vampire Diaries a 2013, shi ma an yi masa littattafai uku a 2015, The Rise da The Loss da The Resurrection, a kan Klaus da Elijah da Rebekah. A 2018 Amazon ya rufe Kindle Worlds, Evensong ya fita daga kasuwa tare da sauran labaran da ke dandalin. L.J. Smith ta rasu a watan Maris na 2025 tana da shekara 66.