Kalmomin Bugun Zuciya a Hausa da Matsalar Tafinta a Gaban Likita

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce duba yadda Bahaushe yake bayyana rikicewar bugun zuciya, da yadda fassarar bayaninsa take iya kai shi ga ƙwararren likita ko ta hana shi isa gare shi.

2.0 Cutar da Maganinta

Zuciyar baligi mai lafiya takan buga sau 60 zuwa 100 a minti ɗaya idan yana hutawa. Wani ɗan ƙulli ne a ɗakin zuciya na sama ta dama yake aika saƙon lantarkin da ke tsara bugun. Idan saƙon ya sami tangarɗa, sai bugun ya yi sauri, ko ya yi nawa, ko ya rasa tsari. Wani nau'in cutar, wato karkarwar ɗakunan sama, yakan sa jini ya daskare a zuciya, gudan jinin ya tafi ƙwaƙwalwa. Wannan yana ninka haɗarin shanyewar ɓarin jiki kusan sau biyar.

Likitan zuciya yana gano cutar ne da na'urar zana bugun zuciya, wadda Willem Einthoven na ƙasar Holan ya sami kyautar Nobel a kanta a 1924. Idan rikicewar tana zuwa tana wucewa, akan rataya wa majiyyaci ƙaramar na'ura ta awa 24. Magani kuwa ya haɗa da ƙwayoyin hana daskarewar jini, da ƙone gurbin da saƙon yake ɓaci ta hanyar siririn bututu, da dasa na'urar daidaita bugu, wadda aka fara dasa wa ɗan Adam a Suwidin a 1958. Sai dai duk wannan bincike daga bakin majiyyaci yake farawa.

3.0 Kalmomin Bahaushe

A duba waɗannan misalai:

(a) Gabana yana faɗuwa.
(b) Ina da ciwon zuciya.
(c) Zuciyata tana dukan uku-uku.
(d) Ƙirjina yana lugude.

Kowace jimla a nan tana da fuska biyu. Ta (a) da ta (c) suna iya nufin tsoro, ta (b) baƙin ciki, ta (d) fargaba. Kuma dukkansu suna iya zama bayanin abin da tsokar zuciya take yi. Dalili kuwa, a tunanin Bahaushe zuciya ce mazaunin fushi da haƙuri da tsoro. A asibitocin kudancin ƙasar nan, inda ɗan'uwa ko maƙwabci yake zama tafinta, idan aka zaɓi fuskar tsoro sai a sallami mai cuta da lallashi.

Amsa-kama ma tana ɗauke da bayani. "Gabana ya faɗi ras" faɗuwa ɗaya yake nunawa, "yana bugawa fat-fat" kuwa saurin da ya ɗore. Bambancin yana da amfani ga likita, amma fassara takan shafe shi.

4.0 Kammalawa

Shawararmu ita ce a ware "rikicewar bugun zuciya" ga cutar, a bar "faɗuwar gaba" ga alamar da majiyyaci yake ji. Tafinta kuma ya isar da amsa-kama yadda aka furta ta, ya nemi majiyyaci ya ƙwanƙwasa bugun da yatsa a kan tebur. Daidaita waɗannan kalmomi aiki ne da ya rataya a wuyan masana harshe da likitoci tare.