Zinariya Ta Zama Fitilar Likita

'Yan'uwana ɗalibai, in yaro ya tambaye mu launin zinariya, mukan ce rawaya ce. Gaskiya ne, muddin curi ce babba. Amma ina so in nuna muku abin da ke faruwa in ta zama ƙwayoyi ƙanana ƙwarai, waɗanda ake aunawa da nanomita, watau kashi ɗaya cikin miliyan na milimita.

A 1857 wani masani na Ingila, Michael Faraday, ya haɗa irin waɗannan ƙwayoyi cikin ruwa, sai ruwan ya yi ja wur. Ga dalili. Cikin ƙarfe akwai ƙwayoyin lantarki masu yawo sakaka. In haske ya bugi 'yar ƙwayar zinariya, sai su yi ta tangaɗi tare, kamar ruwa a ƙwaryar da aka girgiza. Tangaɗin nan yakan shanye koren haske, ya bar mana ja.

Ba launi kaɗai ba, zinariya takan fid da haske nata in an haska ta. A 1969 Mooradian ya ga haka a Amurka, amma hasken raunana ne, gama wajen kashi ɗaya ne cikin biliyan 10 na wanda ta sha. A 2000 El-Sayed da abokan aikinsa suka iske in an yi ƙwayoyin dogaye kamar shinkafa, hasken yakan ƙaru fiye da sau miliyan.

To, mene ne amfaninsa? Da ma likitoci sukan sa rini mai ƙyalli don su ga cikin tsoka da madubin ƙara girma. Amma rini yakan koɗe in an daɗe ana haska shi, kamar zane a rana. Zinariya kuwa ba ta koɗewa haka. A 2005, a Jami'ar Purdue, aka ga ƙwayoyin nan ɗaya-ɗaya suna tafiya cikin jijiyar jini ta kunnen ɓera mai rai. Akan kuma liƙa musu abin da ke kama ƙwayar ciwon daji, don su nuna inda take, ko da yake yawancin aikin nan na ɗakin bincike ne tukuna.

Launinta kam ya riga ya iso gare mu. Jan layin da ke fitowa a yawancin 'yan sandunan gwajin zazzaɓin cizon sauro, tarin ƙwayoyin zinariya ne. Mu kai ɗaya aji, mu nuna wa yara, gama gani ya kori ji.