Zogalen Bakin Danga da Tumatirin Kadawa

Tun da aka kammala madatsar Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, ruwa ya daina zama abin kuka ga manoman Kura, Bunkure da Garun Malam. Kukan yau na taki ne. Buhu ya yi tashin gwauron zabi tun ɓarkewar yaƙin Rasha da Yukiren a 2022, ga ƙasa ta gaji da ban-ruwan shekara hamsin, har wani wurin kanwa ta fara tsatsafowa.

Masu noman tumatir da tattasai cikin rumfar leda suna da ƙarin ciwon kai. Rumfar na tare ƙwari, irin tsutsar sharon da ta lashe gonakin tumatir a 2016, amma da bazara takan zama tanda. Zafi na haura digiri 35, sai fure ya kakkaɓe bai ƙulla ɗa ba.

A nan masana ke kawo batun masu zaburar da shuka. Taki abinci ne, su kuwa masu buɗe ciki ne: suna sa saiwa ta yaɗu, ta zuƙi abin da ke ƙasa, tsiro ya jure zafi da gishiri. Tarayyar Turai ta ba su gurbi na kansu a dokarta ta 2019. Can, akan tatso wasunsu daga ciyawar teku.

Mu namu yana bakin danga. Ɗanyen ganyen zogale na ɗauke da ziyatin, sinadarin da ke ingiza ƙwayoyin tsiro su hayayyafa, ya kuma jinkirta tsufan ganye. A tsinko sabon toho, a kirɓa a turmi, a tace da ƙyalle mai tsabta. Gwangwani ɗaya na koren ruwan a sirka shi da kimanin gwangwani 30 na ruwa, a fesa da sanyin safiya, bayan kowane mako biyu. Kada a bar shi ya kwana.

Sai dai mai buɗe ciki ba ya ƙosar da mai yunwa. Ƙasar da ba ta ga takin gida ba, ko kogin zogale aka kwarara mata ba za ta cika kwando ba.

Gani ya kori ji. A ranin bana manomi ya fesa wa kunya biyar, ya bar biyar. Ranar lodi a kasuwar tumatir ta Kwanar Gafan, kwanduna za su raba gardama.