Dundumi: ɗaurin sinadarin da ke cikin ido, da man girkin da ba shi da tambari

A ƙauyukan Gwiwa, kamar sauran ƙasar Hausa, idan yaro ya fara lalube da zarar an yi magariba, sai a ce dundumi ne. Asalin matsalar wani ɗan ƙaramin ɗauri ne a cikin ido, wanda masana kimiyyar sinadarai ke kira Schiff base.

Sunan ya samo asali daga Hugo Schiff, Bajamushen da ya bayyana shi a 1864. Idan sinadari mai suna amin ya haɗu da wani mai suna aldehaid, sai ruwa ya fita, kabon da naitirojin su ƙulle da ɗauri biyu. Ɗaliban kimiyya a Jami'ar Bayero ta Kano sun saba haɗa irinsa, su ɗaura masa ƙarfe kamar tagulla, su gwada shi a kan ƙwayoyin cuta. Sai dai abin da ya kashe ƙwayar cuta a ɗakin gwaji bai zama magani ba tukuna.

A cikin ido kuwa, jiki da kansa ke haɗa shi. Yakan sarrafa bitamin A ya zama retinal, sannan ya ɗaure shi da furotin opsin ta irin wannan ɗauri. Da haske ya taɓa shi, sai retinal ya miƙe, saƙo ya tafi ƙwaƙwalwa. Binciken wannan fanni ne ya sa George Wald ya samu kyautar Nobel a 1967. Idan bitamin A ya yi ƙaranci, babu abin ɗaurawa, kuma ganin dare ne ke fara tafiya. In an bari, makanta na iya biyo baya.

Nan ne hukuma ta shigo. Dokar Najeriya ta wajabta zuba bitamin A a sukari, fulawa da man girki, NAFDAC ke sa ido, kuma kayan da suka cika sharaɗi na ɗauke da tambarin ido. To amma talakan karkara awo yake saye, a ƙulla masa mai a leda ko a zuba a tsohuwar kwalba. Wa ya duba wannan man? Ko da an sa bitamin tun daga kamfani, zaman rana a kasuwa yana lalata shi.

Akwai kuma ɗigon bitamin A da ake bai wa yara daga wata 6 zuwa wata 59 kyauta, sau biyu a shekara, a makon lafiyar mata da ƙananan yara. Haƙƙin kowane mazaunin Gwiwa ne ya tambayi kansilansa yara nawa aka ɗiga wa a mazaɓarsa. Kafin amsa ta zo, zogale, kabewa, mangwaro, manja da hanta duk suna ɗauke da abin da ido ke bukata.