"Alhaki Kwikwiyo": Rabi ce ta riƙe labarin

Duk mai kallon finafinan Hausa, daga Kano har Gummi da Anka, ya haddace wannan zaren: Alhaji ya ƙaro amarya, ya kori uwargida, daga baya duniya ta yi masa atishawar tsaki. To, me ya bambanta "Alhaki Kwikwiyo" na Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, littafin 1990 da aka mayar fim a 1998? Rabi mana! Marubuciyar ba ta bar ta tana ta rusa kuka ba, sai ta sa ta kama sana'ar abinci don riƙon 'ya'yanta tara. A zamanin kaset an sha maimaita rikici irin na Alhaji Abdu da Delu, amma jarumar da aka gina kamar Rabi sai an tona.