Azabtarwa a Hannun 'Yan Sanda: Doka Tana Maitama, Aiki Yana Bayan Kanta

Unguwar Maitama da ke Abuja ta tara hukumomin da alhakin kare wanda ake zargi da laifi ya rataya a wuyansu, domin a nan ne hedikwatar Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa take, a kan titin Aguiyi Ironsi, kuma a nan ne Babbar Kotun Birnin Tarayya take da babban mazauninta. Daga wannan unguwa zuwa tsohuwar mayankar dabbobi da rusasshiyar rundunar 'yan sanda ta SARS ta mayar wurin tsare mutane, wadda mazauna Abuja suka ci gaba da kira da tsohon sunanta na abbatuwa, tafiyar mintoci ce a mota. A rahoton da ƙungiyar Amnesty International ta fitar a 2016, masu bincikenta sun ce sun tarar da mutum 130 a cunkushe a ɗakunan wannan wuri.

Azabtarwa, a ma'anar da Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1984 ta ba ta, ita ce jami'in hukuma ya gana wa mutum tsananin azaba da gangan, a jikinsa ko a zuciyarsa, domin ya tatsi bayani daga bakinsa, ko ya sa shi amsa laifi, ko ya hukunta shi, ko ya tsorata shi. Najeriya ta amince da wannan yarjejeniya a 2001, alhali tun kafin nan sashe na 34 na Tsarin Mulkin 1999 ya riga ya haramta azabtarwa da duk wata mu'amala ta wulaƙanci. Duk da haka, da mai binciken Majalisar Ɗinkin Duniya kan azabtarwa, Manfred Nowak, ya ziyarci ƙasar a watan Maris na 2007, ya ƙarasa da cewa abin ya zama ruwan dare a hannun 'yan sanda, kuma ya fi kafuwa a sassan binciken manyan laifuka. Rahoton Amnesty na 2014 ya ƙara da cewa a wasu ofisoshin har akwai jami'in da abokan aikinsa ke yi wa laƙabi da mai kula da azaba, muƙamin da babu shi a kowace takardar aiki.

Tushen matsalar shi ne matsayin da amsa laifi ya samu a shari'ar manyan laifuka. Ɗan sanda mai bincike, wanda galibi ba shi da kuɗin man da zai je inda aka aikata laifin, balle na'urar gwajin zanen yatsa ko na jini, ya san cewa kotu tana iya yanke hukunci a kan ikirari shi kaɗai, wato bayanin da wanda ake tuhuma ya amsa laifi a ciki, muddin ta gamsu cewa da son ransa ya yi. Saboda haka takardar sitatimen ta zama gajeriyar hanya, jikin wanda aka kama kuma ya zama inda ake neman hujja. Hanyoyin da waɗanda suka tsira suka sha bayyanawa sun yi kama da juna daga jiha zuwa jiha: a ɗaure hannu da ƙafa a zura ƙarfe a rataye mutum tsakanin tebura biyu, a doke shi da gora ko bayan adda ko gindin bindiga, a hana shi abinci da barci, wani lokaci a harbe shi a ƙafa. Akwai kuma ɗaurin da ake kira tabay, wanda sashen binciken Afirka na BBC ya yi shiri a kansa a 2020, inda ake jan hannuwa ta baya a ɗaure su da igiya har gwiwoyin hannu su kusa haɗuwa, jini ya daina gudu, hannun ya kumbura, kuma idan aka daɗe yana iya shanyewa har abada. Wanda ke cikin wannan hali zai sa hannu a takardar da bai karanta ba, sau da yawa ma da Turancin da ba ya ji aka rubuta ta.

Kuɗi su ne ɗaya ƙafar al'amarin. A bangon kusan kowane caji ofis an rubuta cewa beli kyauta ne, amma iyalin da ɗansu ke bayan kanta sun san cewa kowace kwana da zai ƙara tana iya zama ta duka, don haka sukan sayar da akuya ko babur su kawo abin da aka yanka musu. Shi ya sa waɗanda abin ya fi faɗa wa su ne 'yan acaba da leburori da 'yan ci-rani, mutanen da ba su da lauya kuma ba su da wani babba da zai buga wa DPO waya.

A fannin doka dai Najeriya ba ta da ƙarancin tanadi. Tsarin Mulki ya ce a gurfanar da wanda aka kama cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, ko kwana biyu idan babu. Sashe na 29 na Dokar Shaida ta 2011 ya hana kotu karɓar ikirarin da aka samu ta hanyar tursasawa, matsayin da ya dace da na mafi yawan malaman fiƙihu, waɗanda ba su ɗauki furucin wanda aka tilasta a bakin komai ba. Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuka ta 2015 ta tanadi a ɗauki ikirari a bidiyo ko a gaban lauya, ta hana kama ɗan'uwa a madadin wanda ake nema, ta kuma ɗora wa majistare ziyartar ofisoshin 'yan sandan yankinsa a kowane wata. Sai Dokar Hana Azabtarwa, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu a Disambar 2017, ta mayar da azabtarwa laifi mai zaman kansa da ke jawo ɗaurin da zai iya kai shekara 25, ta ce idan wanda aka azabtar ya mutu to kisan kai ne, ta kuma rufe ƙofar fakewa da umarnin na gaba ko da dokar ta-ɓaci.

Inda gizo ke saƙar shi ne ranar shari'a. Idan wanda ake tuhuma ya ce dukansa aka yi kafin ya amsa, alƙali yakan dakatar da babbar shari'ar ya buɗe wata ƙarama, wadda lauyoyi ke kira shari'a cikin shari'a, domin ya gano ko da son rai aka yi bayanin. A doka, mai gabatar da ƙara ne ya kamata ya tabbatar da cewa ba a tursasa kowa ba, amma a zahiri mutumin da ya shafe shekara biyu ko uku yana jiran shari'a a gidan yari yakan zo da tabon da ya riga ya warke, babu takardar likita, ga jami'in da ya rubuta sitatimen ɗin yana rantsuwa cewa ko yatsa ba a ɗaga masa ba. Wannan ne ya sa hukunce-hukuncen da Kotun Ƙoli ta yanke a 2023 da 2024, inda ta ɗauki sharaɗin bidiyo ko halartar lauya a matsayin wajibi, suke da nauyi ƙwarai, domin sun rage darajar ikirarin da aka rubuta a ɗaki rufe.

Bincike kuwa an yi shi har ya ishi mai nema. A Agustan 2018 Muƙaddashin Shugaban Ƙasa Yemi Osinbajo ya umarci Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta binciki SARS, kuma kwamitin da Tony Ojukwu ya jagoranta ya miƙa rahotonsa a Yunin 2019, yana mai ba da shawarar a kori jami'ai 37, a gurfanar da 24. Bayan zanga-zangar EndSARS, wadda ta sa Sufeto Janar Mohammed Adamu ya rusa rundunar a ranar 11 ga Oktoban 2020, hukumar ta kafa wani kwamitin a ƙarƙashin tsohon alƙalin Kotun Ƙoli, Mai Shari'a Suleiman Galadima, aka saurari koke-koke, aka kuma biya diyyar ɗaruruwan miliyoyin naira a 2021 da 2022. Diyyar ta share wa wasu iyalai hawaye, sai dai daga baitulmali take fita, ba ta taɓa albashin jami'in da ya riƙe gorar ba. Amnesty ta tattara bayanan azabtarwa da kisa 82 da aka danganta da SARS tsakanin Janairun 2017 da Mayun 2020, ta kuma ce a lokacin ba ta ga jami'in rundunar ko ɗaya da aka hukunta a ƙarƙashin dokar 2017 ba.

Matuƙar Babban Lauyan Tarayya da takwarorinsa na jihohi ba su fara gurfanar da masu azabtarwa da sunan wannan laifi ba, majistarori kuma ba su mayar da ziyarar wata-wata al'ada ba, ɗaurin shekara 25 da dokar ta ambata ba zai hana kowa ɗaukar igiya ba.