Zanen Tafiyar Aiki: Abin da Ake Yi Kafin a Kunna Kwamfuta

Duk wanda ya taɓa kai yaro mai zazzaɓi asibiti daga ƙauyukan Roni, Gwiwa ko Babura ya san cewa ganin likita ba shi ne farkon aiki ba. Sai an yanki kati, an bi layi, an ɗebi jini, an biya kuɗi, sannan a karɓi magani. Masana ilmin kwamfuta suna da hanyar zana irin wannan jerin ayyuka a kan takarda guda, ta yadda mai kallo zai ga inda aiki ya faro, inda ya rabu, da inda yake tsayawa. Ana kiran wannan zanen tafiyar aiki.

Dabarar ta girmi kwamfuta. A shekarar 1921 wasu ma'aurata 'yan Amurka, Frank da Lillian Gilbreth, suka gabatar wa ƙungiyar injiniyoyi tsarin zana matakan aikin masana'anta. A 1997 kuma aka amince da UML, wato ƙa'idojin zane na bai-ɗaya da Grady Booch, James Rumbaugh da Ivar Jacobson suka harhaɗa domin masu ƙera manhaja. Nazarin tsarin aiki yana cikin darussan masu neman difiloma a ilmin kwamfuta, fannin da ake koyarwa a Kazaure a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hussaini Adamu da kuma cibiyar fasahar sadarwa da aka kafa zamanin Gwamna Saminu Turaki.

Alamomin ba su da yawa. Baƙin ɗigo shi ne mafari. Akwati mai lanƙwasassun kusurwoyi aiki ne guda, alal misali "yanke kati", kibiya kuwa tana nuna abin da ke biye. Ɗigon da aka kewaye da zobe shi ne ƙarshe. Akan kuma raba takardar gida-gida kamar kunyoyin gona: kunyar mai kati, ta likita, ta mai gwaji, ta mai ba da magani, domin a san wanda kowane aiki ya rataya a wuyansa.

Alamomi biyu ne suka fi tona asirin tsari. Ta farko ita ce sanda mai kauri. Idan kibiya ɗaya ta shige ta, biyu suka fito, ayyuka biyu ke nan suke gudana lokaci guda: uba yana biyan kuɗi, mai gwaji yana duba jinin yaro, wanda a gwajin gaggawa na zazzaɓin cizon sauro kan ɗauki minti 15 zuwa 20. A gaba sai wata sandar ta haɗe su, kuma ƙa'idarta ita ce ba a wucewa sai duka biyun sun iso. Saboda haka, in layin biyan kuɗi yana cin awa guda, sayen sabuwar na'urar gwaji ba zai rage wa yaron jira ko na minti ɗaya ba. Mai kuɗin kashewa ya kamata ya ga wannan kafin ya sa hannu.

Ta biyu ita ce alamar zaɓi, mai siffar lu'ulu'u, wadda ke ɗauke da tambaya: akwai maganin a ɗakin magani? Ɗalibai kan zana hanyar "i" da kyau, su manta da ta "a'a". Ma'aikaci mai hankali yakan cike wannan giɓi da kansa, ya rubuta wa uban yaro sunan maganin ya saya a gari. Kwamfuta ba ta da wannan basira. Abin da ba a zana mata ba, ba ta san da shi ba, sai a bar majinyaci a tsaye.

Malami ba ya buƙatar lantarki kafin ya koyar da wannan darasi. Allo da alli sun wadatar a zana yadda ake rajistar jarrabawa a makaranta, sannan a tambayi aji: idan sunan ɗalibi ya fito da kuskure, ina kibiyar za ta nufa, kuma a kunyar wa?